Na Gama Rubuta Labarina a Ƙauye: In Kai Maɗaba'a ne Ko In Sayar a Waya?

Tambaya: "Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Jahun. Na daɗe ina rubuta wani labari a littafin makaranta, yanzu Allah ya sa na gama. Na kwashi adashe, ina kuma da awaki biyu da zan iya sayarwa in ƙara. Wasu sun ce in je Kano a buga min kwafi dubu, wasu sun ce zamanin takarda ya wuce, in sayar a WhatsApp. Ni kuma tsorona kar a sace min wahalata. Ban san kowa a harkar nan ba. Ta ina zan fara, kuma yaya za a yi mutane su san da littafin alhali ina ƙauye?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sa albarka a alƙalaminki. Masu fara labari suna da yawa, masu kai shi ƙarshe kaɗan ne, kuma ke kin kai naki tsakanin girki da raino da aikin gida, don haka kada ki raina abin da ke hannunki.

Tambayarki uku ce a dunƙule: takarda ko waya, yadda za ki tsare haƙƙinki, da yadda za a san ki. Ta ƙarshen ita ce babba, ita ce kuma za ta warware miki sauran biyun. Shawarata tun daga farko ita ce ki bar awakinki a turke, ki ƙulle kuɗin adashen nan tukuna. Buga littafi shi ne abu mafi sauƙi a wannan sana'a, duk mai kuɗi a hannu za a buga masa cikin 'yan makonni. Wahalar tana wajen samun wanda zai saya, da karɓo kuɗinki daga hannun wanda kika ba wa ya sayar. Wadda ta buga kwafi dubu ba ta da masu karatu, kamar wadda ta tuƙa tuwon biki ne ba ta gayyaci kowa ba.

Inda harkar ta samo asali

Abin da kike shirin yi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Da can, littafin Hausa sai ta hannun hukuma ko babban kamfani irin kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, a Zariya. Daga shekarun 1980 ne matasa maza da mata, musamman a Kano, suka daina jiran kamfani, suka riƙa haɗa kuɗinsu suna kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u. Shi ne abin da masana suke kira Adabin Kasuwar Kano, jama'a kuma suke cewa littattafan soyayya, ko da yake ba soyayya kaɗai ke cikinsu ba. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama sun taso a wannan zamani, marubuta suna tallata littattafan juna a bayan bango.

Abin da ya riƙe wannan kasuwa ba maɗaba'a ba ce, hanyar rarrabawa ce. Marubuci ya kai wa dila a Sabon Gari, 'yan sari su zo daga Kaduna, Katsina, Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram su ɗiba, mai tebur ya baza a tasha da kasuwar ƙauye, mai haya kuma ya sayi kwafi ɗaya ya riƙa bayarwa ana karantawa ana dawo masa. Shi ya sa ake raba labari na ɗaya, na biyu, na uku, don kowane kashi ya yi arha kuma mai karatu ya dawo neman ci gaba. Ni ma ta wannan hanya na shigo, kuma na ga lokacin da ta fara tsinkewa. Waya ta shigo hannun kowa, shagunan haya da yawa suka koma sayar da wani abu, sannan takarda, wadda akasarinta daga waje ake shigo da ita, ta yi ta hawa. Bayan cire tallafin mai da faɗuwar naira a 2023, kuɗin bugu da kuɗin mota suka tashi tare. Masu karatun suna nan, ba su ragu ba a ganina. Wurin zamansu ne ya canza.

Aikin da ke gabanki kafin a zo maganar sayarwa

Labarin da ke littafin makaranta bai zama littafi ba tukuna. Sai an buga shi a waya ko kwamfuta, sai kuma an tace shi. A nan nake son ki fi kashe lokaci, kuma in za ki taɓa kuɗin adashen, a nan ya kamata ki fara taɓa shi.

In wayarki ta shafawa ce, ki buga da kanki, ko da shafi biyu ne a rana. Ki sauke allon rubutu mai Hausa, irin Gboard, don ki sami ɓ da ɗ da ƙ. Kada ki ɗauke su ado: "ƙasa" da "kasa" ba ɗaya ba ne, haka "ɓata" da "bata", "ɗaki" da "daki". Amfanin bugawa da kanki shi ne kina yi kina gyara, za ki ga inda kika maimaita zance, inda wata ta haihu a babi na huɗu amma a babi na tara aka ce ba ta taɓa ko ɓari ba. In kuwa sai kin kai shagon masu kwamfuta, kada ki miƙa musu littattafan duka ki tafi. Ki ba da ɗaya, a gama, ki karɓi abinki da kwafin a wayarki, sannan ki ba da na gaba. Ki kuma ɗauki hoton kowane shafi kafin ya bar hannunki.

Bayan nan ki nemi mutum biyu. Na farko mai karatu ce irin wadda kika rubuta dominta, wata maƙwabciya ko ƙanwar miji mai son labari, wadda ba ta jin nauyinki. Ni yadda nake yi, bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida in karanta wa mata biyu ko uku babi ɗaya da baki, ina kallon hannuwansu. Matuƙar mai ɓarar gyaɗa ta tsaya da ɓara ta ɗago kai, wurin ya yi. In ta tashi duba tukunya ba ta ce in dakata mata ba, na san wannan shafin sai an rage shi. Babu editan da ya taɓa gaya min gaskiya kamar wannan. Na biyu shi ne wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa: inda ake haɗe kalma da inda ake rabawa, irin "yana" da "ya ce" da "shi ne", da yadda ake sa alamar zance. Kuna da su kusa. Akwai malaman Hausa a sakandaren garinku, akwai waɗanda suka yi karatu a kwalejin ilimi ta Gumel ko jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa. Ki biya shi ladansa, ki kuma gaya masa ƙa'ida zai gyara, ba bakin taurarinki ba. In tsohuwar da ke labarinki tana magana da karin harshen ƙasarku, a bar mata abinta, shi ne gishirin littafin. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, yana da amfani a ajiye kusa in an samu.

Abu ɗaya kuma da ba zan tsallake ba: ki zauna da maigida ku fahimci juna tun yanzu. Lambar waya za ta fita, baƙi za su riƙa kira, kuɗi za su riƙa shigowa, wani lokaci a yi tafiya. Marubuta mata da yawa suna ware layi na musamman don littafi kawai, wasu kuma suna amfani da laƙabi. Duka biyun dabara ce mai kyau.

Sayarwa a waya

Ga wadda ba a san ta ba, ta nan ya fi dacewa a fara, domin jarinsa data ne da caji. Tsarin da aka saba shi ne ki fara sakin shafukan farko kyauta a zaurukan masu karatu na WhatsApp da Facebook, ko a manhajar karanta labarai ta Wattpad, da sunanki da lambarki a sama da ƙasan kowane shafi. In labarin ya kai inda mai karatu ba za ta iya haƙura ba, sai ki sanar cewa ci gaban na kuɗi ne. Wadda ta biya ta turo shaida, ki sa ta a zaure na musamman inda kike sakin sauran. Zauren WhatsApp ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, ya ishe ki farawa har ya yi yawa. Ana biya ta asusun banki ko irin su OPay da Moniepoint, wasu kuma su turo katin waya, musamman waɗanda ba su da asusu. Mai POS na garinku ya isa ya ciro miki kuɗinki.

Kina da wata fa'ida da yawancin masu rubutu a waya ba su da ita: labarinki a gama yake. Babban abin da ke raba marubuciya da masu karatunta shi ne ta karɓi kuɗi sannan ta tsaya a tsakiya, ko rashin lafiya, ko haihuwa, ko waya ta lalace. Ke kuwa za ki iya yin alƙawarin rana da lokaci ki cika. A ƙauye sai kin yi dabarar sabis da wuta. Ki shirya shafukan mako guda a ajiye, ki san wurin da sabis ya fi kamawa a gidanku, ki kai caji tun da safe. In kin ce bayan isha'i, to ya zama bayan isha'i.

Shawarata ga littafin farko, ki yawaita na kyautan, ki sassauta farashi. Ribar littafin farko ba kuɗin ba ne, sunayen mutanen da suka biya ne. Ki sami littafi na musamman ki rubuta sunan kowace, garinta da lambarta, da biro, ba a waya kaɗai ba. Dalili kuwa, waya tana ɓata, ana rufe layi, dandali ma yana mutuwa. OkadaBooks, wanda marubutan Hausa da yawa suka zuba littattafansu a kai, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, kuma wanda bai ajiye hanyar da zai sami masu karatunsa ba sai da ya koma neman su daga farko.

Maganar sata

Ba zan ɓoye miki ba, za a fitar miki da shi. Duk littafin da ya yi daɗi a waya, wata za ta biya sau ɗaya ta tura wa ƙawayenta, wani ya haɗe shi wuri guda ya riƙa rabawa, wani ya sa a karanta a YouTube yana samun kuɗi ba ki sani ba. Yana da ciwo ƙwarai, kuma haƙƙi ne da Allah ba zai bari ba. Amma ɓoye littafi a ƙasan akwati ba maganinsa ba ne, don wanda ba a karanta ba ba shi da abin da za a tsare.

Abin da ke hannunki shi ne ki rage ɓarnar, ki kuma tanadi hujja. Ki riƙa saki shafi-shafi, kada ki tura wa kowa labarin a dunƙule. Ki riƙa cusa sunanki a tsakiyar rubutu, ba a kai kaɗai ba inda za a iya gogewa. Littattafan makarantar nan da kika rubuta da hannunki ki adana su inda ruwa da gara ba za su kai ba, su ne babbar shaidarki. Ki kuma tura wa kanki cikakken labarin ta imel kafin ki saki ko layi ɗaya, don kwanan watan ya zauna. A dokar Najeriya, haƙƙin mallaka yana tabbata ne tun daga lokacin da kika rubuta abin, ba sai kin yi rajista ba, kuma sabuwar dokar ta 2022 ta shafi abin da ake yaɗawa a intanet. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa tana karɓar rajista ga mai son ƙarin shaida. YouTube ma yana da hanyar kai ƙara a sauke abin da aka ɗora ba da izini ba.

Wanda na fi ji miki tsoro ba ɓarawon ɓoye ba ne, mai zuwa da fara'a ne ya ce zai sayi labarin ɗungurungum, ko don karantawa a tasharsa ko don fim. Kuɗin zai yi miki yawa a ido a ranar. Kada ki sayar da mallaka. Ki ba da izini na wani lokaci, a rubuce, a faɗi abin da aka yarda ya yi da abin da ba a yarda ba, a faɗi cewa sunanki zai fito, shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga ɓangarenki.

Yaushe za a je maɗaba'a?

Ban yarda da masu cewa takarda ta mutu ba. Akwai matan da ba su da babbar waya, akwai waɗanda idonsu ba ya jure haskenta, akwai makarantu da ɗakunan karatu, akwai kuma daraja da littafin hannu yake ba marubuci wadda waya ba ta bayarwa. Lokacinsa ne nake so ki jira: ranar da waɗanda suka karanta a waya suka fara tambayar "Anti, babu na takarda?" A ranar sai ki buɗe rajista, mai so ta ba da rabin kuɗi. Yawan waɗanda suka bayar shi zai gaya miki kwafi nawa za ki buga.

Dalilin da ya sa ake ce miki dubu shi ne yadda babban inji yake aiki. Kuɗin tsara shafuka da yin farantin da ke ɗauke da rubutun da ɗora shi a kan inji ɗaya ne, ko kwafi ɗari za a buga ko dubu, don haka in an yawaita sai kowane kwafi ya faɗo da arha. Gaskiya ne, amma arhar tana ga wanda ya sayar da su duka. Yanzu akwai injinan da ke buga kwafi hamsin ko ɗari kai tsaye daga kwamfuta. Kowane kwafi ya fi tsada, sai dai ba za ki kwana da katan-katan a ƙarƙashin gado damina tana bi ta kansu ba.

In kin tashi zuwa, ki tafi da wanda ya taɓa bugawa, ki tambayi wuri uku kafin ki tsaya. A rubuta miki girman littafin, irin takardar ciki, fara ce ko irin ta jarida, kaurin bango da ko za a shafa masa leda, ɗinkin waya ne ko gam, da ranar karɓa. Ana naɗe takarda ne kashi-kashi, galibi shafi 16, shi ya sa littafi mai shafi 96 ko 112 ko 128 ya fi dacewa da lissafinsu. Kada ki biya duka a gaba. Ki nemi a fitar miki da kwafin gwaji ki karanta shi daga bango zuwa bango, domin sau da yawa ƙugiyoyin ɓ, ɗ, ƙ suna rikiɗewa su zama akwati ko alamar tambaya in an canza kwamfuta. Ranar karɓa kuma ki buɗe ɗauri ki ƙirga a gabansu, ki zaro daga tsakiya ki duba ko akwai shafin da ya juye ko ya fito fari.

Wajen sa farashi, ki haɗa komai: bugu, gyara, zanen bango, kuɗin motarki zuwa Kano da dawowa, dakon kaya, da kwafin da za ki bayar kyauta. Ki raba da adadin da za ki sayar, ba adadin da aka buga ba. A kan wannan ne za ki ɗora ribarki da rabon mai sayarwa. Sannan ga inda marubuta da yawa suka durƙushe: ba da kaya bashi, a ce sai an sayar. Mai shago ya karɓi kwafi hamsin, ki yi ta sintiri, yau ba ya nan, gobe kasuwa babu, har kuɗin motar ya cinye ribar. Ba duka ne macuta ba, wasu su ma bashin ake bin su. Amma ke da ke Jahun ba za ki iya wannan zirga-zirga ba. Ki ba da kaɗan, a rubuta, a sa hannu, kuma ba a ƙara wani sai an biya na baya.

Lambar ISBN, wato lambar shaida da ake ba kowane littafi, a Najeriya daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce mai bugawa na ƙashin kansa ya ajiye musu kwafi uku. In kina son littafin ya shiga makarantu ko gasa, ki yi ta. Jihar Kano kuma tana da hukumar tace fina-finai da ɗab'i tun 2001, wadda aikinta ya haɗa da littattafai, don haka in a Kano za ki buga ko ki sayar, ki tambayi reshen ƙungiyar marubuta ta ANA abin da ake buƙata a lokacin, domin sharuɗɗan suna canzawa.

Yadda za a san ki daga inda kike

Zaman ƙauye bai rage ki da komai ba a waya, mai karatu a Jidda ko Kumasi ba ta tambayar daga ina shafi ya taso. Har ma ina ganin riba ce. Labaran gidajen masu kuɗi da manyan motoci sun cika zaurukan, mai karatu kuma tana marmarin wadda ta san yadda ake rikicin gadon gona, yadda gari yake zama in maza sun tafi cirani, abin da ambaliya take yi wa auren da aka sa wa rana. In labarinki yana da wannan, shi za ki sa a gaba wajen talla.

Ki fara da na kusa. Malaman makarantar 'yan mata, masu kitso da lalle, dillaliyar da ke shiga gida-gida da atamfa, duk hanyoyi ne, kuma dillaliya ta fi kowane shago sanin matar da ke karatu. In na takarda ya fito, masu tebur a kasuwar Gujungu ran Lahadi ko Maigatari ran Alhamis za su iya gwada kwafi biyar-biyar. Gidajen rediyo a Dutse da Kano suna da filayen adabi da na mata, kuma rediyo har yanzu shi ne yake shiga ɗakin da data ba ta shiga. Ki aika musu kwafi da gajeren bayani a kanki. Ki kuma nemi marubuciyar da ta riga ki suna, ki gaishe ta da ladabi, ki roƙi ta karanta shafukan farko. In ya burge ta ta faɗa a zaurenta, wannan kalma ɗaya ta fi tallan da za ki biya. Ki yi hattara da masu karɓar kuɗi su ce za su watsa miki a zauruka ɗari, yawancin waɗannan zaurukan talla ce kawai ke yawo a cikinsu, ba mai karantawa.

Gasa ma hanya ce. BBC Hausa tana shirya Hikayata tun 2016, ta gajerun labarai ce ta mata zalla, kuma ana karanta labaran da suka yi fice a rediyo. Ki duba sharuɗɗan shekarar, ki rubuta sabon gajeren labari ki aika. Ko ba ki ci ba, matse labari cikin 'yan kalmomi horo ne da zai gyara miki hannu.

Iyakar abin da zan iya faɗa

Ban sa miki farashi ko ɗaya ba da gangan, domin kuɗin takarda na wannan wata ba shi ne na wata mai zuwa ba, sai kin tambaya da kanki a ranar. Gogewata kuma a labaran zaman aure da na iyali take, masu karatuna akasari mata ne. In naki na jarumta ne ko na tarihi, hanyar tallansa za ta ɗan bambanta, rediyo da YouTube za su fi yi miki aiki fiye da zaurukan mata. Ban kuma karanta labarinki ba, kuma duk dabarar da na lissafa ba za ta tsaya a madadin daɗinsa ba. Ba na so ki sa rai littafin farko zai riƙe gida. Yawancinmu muna da wata sana'ar a gefe, koyarwa ko ɗinki ko kiwo, ita ke ɗauke da rubutun kafin rubutun ya fara mayarwa.

A wannan makon, ki ɗauki hoton shafukanki duka, ki fara buga babi na ɗaya, ki kuma nemo matan da za ki karanta wa. In kin gama babi uku an gyara, ki turo min in duba, daga nan sai mu yi maganar inda ya kamata ki tsayar da na kyauta. A gaida maigida da yara.